BAITIN JIBRIN DIREBA

Shafi na 27

Na Barakatu 'Yar Kwana

Masu cika mini waya da "Anti ina ci gaba", ga shi nan, ku sarara mini haka. Masu zagin Tasi'u a sharhi kuma ku ɗan rage, na ga har kakarsa an taɓo, baiwar Allah tana kabarinta ba ta san ana yi ba. Ku karanta wannan tukuna.

*

Tun kafin la'asar filin firamaren Ƙofa ya cika ya batse. Bikin Humaira ne, marainiya ƙanwar marigayi Jibrin direba, amma ka rantse 'yar ciyaman ake aurarwa. Babura daga Kiru, a-kori-kura daga Ɗansoshiya, har da wata tsohuwar bas da ta kwaso samari tun daga Doguwa, suka sauko ƙafafu sun sage suna ɗingishi suna dariya. Rabinsu ba su san amarya ba, ango kuwa ko sunansa ba su tambaya ba. An ce musu yau mawaƙan nan 'Yan Kwana za su sake haɗuwa a fili ɗaya, jagoransu Tasi'u zai zo, shi ke nan suka rufe shaguna suka taho.

Surajo na tsaye a bayan ajin ƙarshe, kalangu rataye a kafaɗa. Ya ja igiyoyin nan ya sake ja, har fatar ta kusa yin magana da kanta. Ba gyara take nema ba, hannunsa ne ya rasa abin yi.

Alƙawari ne ya tsayar da shi a wurin. Lokacin da ba wanda ya san su, suna kiɗa a bakin tashar Kwanar Dangora ana ba su rake da ruwan leda, Jibrin direba ne yake ɗaukar su da kayansu a motarsa, ko kuɗin mai bai taɓa karɓa ba. Abu ɗaya ya roƙa: ranar auren ƙanwarsa Humaira, su za su yi wasa. Wata ranar Laraba ya sauke su daga wani biki, ya juya zai koma Doguwa ɗauko fasinja, tirela ta haɗa da shi. A kansa suka yi waƙar "Hanyar Doguwa", ita ce kuma ta fito da su duniya ta san su.

Zubaida mai amshi ta leƙo ta tagar ajin.

"Yaya Surajo, ya ɗauka?"

"Bai ɗauka ba."

"Ka sake kira mana."

"Wayar ma ba a hannunsa take ba. Wani ne ke ɗagawa ya ce Oga yana mitin."

"Oga," ta maimaita, ta taɓe baki. "Tasi'un da nake ara wa cajar waya."

Ba ta rufe baki ba filin ya ɗauki ihu. Wata baƙar jif mai duhun gilashi ce ta karyo kwana, yara na bin ta a guje, manya ma da gemunsu suna bin ta. Wayoyi suka tashi sama. Da ƙyar aka buɗe ƙofa.

Tasi'u ya fito cikin farar shadda da baƙin tabarau. Surajo ya ƙare masa kallo daga nesa. Shaddar ta yi kyau, amma wanda ke cikinta ya zube, wuya ya yi tsawo. A gefensa wani matashi ne fes da shi, waya biyu a hannu, yana ture mutane da murmushi. Zayyad ke nan, manajan da kamfanin waƙa ya haɗa shi da shi tun da ya koma Abuja.

Kai tsaye Tasi'u ya nufi rumfar mata, inda Inna Kyauta, mahaifiyar Jibrin, take zaune a kan tabarma. Ya cire tabarau ya durƙusa.

"Inna, ina wuni."

Ta shafa kansa, ta shafa kafaɗarsa.

"Ɗan nan, ka rame. Ba sa ba ka tuwo a can?"

"Ana ba ni, Inna."

"To madalla. Na ce da su za ka zo, suna ta cewa ka yi nisa. Na ce wanda Direba ya ɗauka a motarsa ba ya nisa."

Direba. Haka take kiran sa, yana raye da bayan ransa. Jibrin ɗan farinta ne, kuma ita irin matan da ne masu alkunya, bakinta bai taɓa furta sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa. Da ya rasu ma ba ta iya kiran sunan ta yi kuka kamar kowa ba. Sai Humaira ta sa mata waƙar a 'yar ƙaramar waya, kullum da hantsi ta kara a kunne, ta jira baitin da Tasi'u ke cewa:

*Jibrin direba, ɗan Inna Kyauta,*
*Ka kai mu gida, kai ba ka koma ba.*

Abin da bakinta ya kasa, bakin Tasi'u ke yi mata. Masoya sun san da haka, shi ya sa duk inda aka sa waƙar, ko a tasha ne, in an zo baitin nan sai a yi tsit.

"Yau a bakinka zan ji, ba a waya ba," in ji Inna.

Tasi'u ya mayar da tabarau ya miƙe.

Surajo ya kamo hannunsa, ya ja shi ta tsakanin mutane har bayan aji. Zubaida ta fito ta same su. Zayyad ma ya biyo, ya tsaya ɗan nesa yana latsa waya.

"Sannu da zuwa," Surajo ya ce. "Gaisuwa sai anjima, rana na tafiya. Da wacce za mu buɗe?"

Tasi'u ya kau da kai.

"Tasi'u, da kai nake."

"Surajo, ba waƙa na zo yi ba."

"Me ka zo yi?"

"Gaisuwa. Da hoto. Minti kaɗan aka ba ni."

"Aka ba ka? Wa ya ba ka?"

Tasi'u ya waiga ya kalli Zayyad. Kallon nan kaɗai ya ishi Surajo amsa.

"Ka san mutanen da ke filin nan?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Akwai wanda ya bar masararsa a gona ba a sussuke ba. Akwai matar da ta goyo jariri a babur tun daga Tudun Wada. Su ne suka riƙa tura waƙarmu waya zuwa waya lokacin da gidan rediyo ke korar mu daga bakin ƙofa. Ka fita ka ce musu hoto ka zo yi."

"Kana ganin ban sani ba?"

"To ka karɓi makirfo."

"Ba zan iya ba! Wallahi ba zan iya ba. Ko sunan ɗana aka yi, in akwai waya a wurin, ban isa in buɗe baki in rera ba sai sun yarda. Sati biyu ina roƙo kafin a bar ni in zo in durƙusa wa Inna."

Zubaida ta tafa hannu.

"Inna lillahi. Kai da muryarka?"

"Motar nan ba tawa ba ce, Zubaida. Gidan da nake ba nawa ba ne. Shafukana na waya ban san lambar sirrinsu ba. Abin da kuke gani ana rubutawa da sunana, ni ma gani nake kamar ku."

Surajo ya gyara ratayar kalangunsa. Tausayi ya so ya kama shi, ya ture shi gefe, don ba lokacinsa ba ne.

"Shi ke nan. Ka shiga motarka. Zubaida ta san waƙar daga farko har ƙarshe, ita za ta ja, ni in kaɗa. Alƙawarin ba kai kaɗai ka ɗauka ba."

A nan Zayyad ya sa wayoyinsa a aljihu ya matso. Ba shi da tsawa, ba shi da raini, kuma wannan ya fi komai ciwo.

"Malam Surajo, don Allah kar ka yi haka. Ni ma aiko ni aka yi. Waƙoƙin nan duk na kamfani ne yanzu, har sunan 'Yan Kwana. In kuka yi, wani ya ɗauka ya ɗora, gobe lauyoyi za su neme ku. Shi kuma Oga a ce da saninsa."

"Waƙar da na kaɗa da hannuna?"

"Na sani. Amma da mutum ɗaya aka yi yarjejeniya. Shi ya shigo, shi ya ce nasa ne."

Surajo ya juya a hankali.

"Ka ce naka ne?"

"Tambayata suka yi wa ke da ƙungiya, na ce ni ne gaba. Me zan ce? Ku kuna ina a lokacin?" Tasi'u ya ƙura wa Surajo ido. "Ranar da muka je otal ɗin nan a Kano wurin mutanen kamfanin, ban ce ku taho mu shiga tare ba? Wa ya ce a'a?"

Surajo ne ya ce a'a. Ubansa makaɗin mahauta ne, a hannunsa ya tashi, kuma a gidansu an san ƙa'ida: in mai kyauta ya kira, uban waƙa ne kaɗai ke shiga. 'Yan amshi da makaɗa a zaure suke tsayawa, ba a yi wa babban mutum gayya a falo, zai ce an zo da kwaɗayi. Abin da aka bayar, uban waƙa ya fito ya raba. Haka ya ga ana yi, haka ya hana Zubaida shiga har tana ƙunƙuni. Suka zauna a gindin wata bishiya a wurin ajiye motoci, suna cin gyaɗa, yana jin kansa mai tarbiyya. Ashe a can ciki ba kyauta ake yi ba, saye ake yi.

"Na ɗauka irin ta iyayenmu ce," ya ce, da ƙyar.

"Ni ma haka na ɗauka," in ji Tasi'u.

Zubaida ta share ido da gefen mayafi.

"To ku tsaya kuna na ɗauka na ɗauka. Ni dai na gama magana. Su kai ni kotu, su ɗaure ni. Yau sai Inna ta ji baitin nan daga bakin mai rai. Yaya Surajo, mu je."

Ta juya. Surajo ya bi ta. Tasi'u ya riƙo rigarsa ta baya.

"Tsaya. Akwai abin da ban faɗa ba."

"Me ya rage kuma?"

"An sake yin waƙar."

"Wace?"

"Hanyar Doguwa. An sake ɗaukar ta a can. An ƙara mata gudu, ta rawa aka mayar da ita. Yau da azahar suka fitar da ita."

"Wa ya yi amshi?" Zubaida ta tambaya.

"Wata ce. Ba ki san ta ba."

"Kalangun fa?"

"Hannunka ne, Surajo. Daga tsohuwar suka ciro shi suka ɗora."

Surajo ya kalli tafin hannunsa, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Har ya ɗaga ƙafa zai tafi, sai ya lura Tasi'u bai saki rigar ba. Kuma ya ƙi ɗago kai.

"Tasi'u."

"Na'am."

"Baitin Jibrin."

Tasi'u ya ƙara damƙe rigar.

"Tasi'u, baitin Jibrin yana nan?"

"Na yi musu magiya. Na rantse maka na yi. Sun ce waƙar biki ba a sa mata mamaci. Sun ce mutanen birni ba su san wani direba ba. Kuma akwai wani Alhaji Balarabe, shi ya ɗauki nauyin bidiyon, ya ce sai an ambace shi."

"A ina aka ambace shi?"

"A wurin."

"A wane wurin?"

"A wurin sunan Jibrin."

Zubaida ta dafe bango.

"Wa ya rera?" Surajo ya tambaya, ko da yake ya sani.

"Ni."

"Da bakinka."

"Da bakina. Na yi ta kuskurewa, ina zuwa wurin sai harshena ya ce Jibrin. Suka yi ta sa ni ina maimaitawa har ya daina."

Ya cire tabarau. Idanun sun yi jajir, hawaye na bin gefen hancinsa yana ɗiga a kan shaddar. Surajo ya so ya mare shi. Ya so kuma ya rungume shi, don wannan ne yaron da suka yi kiwon awaki tare a Kiru, wanda in ya ci tuwo sai ya rage masa loma. Bai yi ko ɗaya ba. Baƙin ciki ya yi masa nauyi har hannun ya ƙi tashi.

"Tsohuwar ma sun cire ta daga intanet," in ji Tasi'u. "Sai wadda ta rage a wayoyin mutane."

"Inna ba za ta ji wannan ba," Surajo ya ce. "Ko za a yi shekara ana sa ta a duniya, a garin nan ba za a sa ba. Zan bi masu tura waƙa shago-shago in roƙe su. Zan gaya wa Humaira ta..."

Lasifika ta yi ƙara daga filin. Wani ya hura makirfo.

"Jama'a! Jama'a, albishirinku!"

Surajo ya gane muryar. Nazifi tela ne, shugaban ƙungiyar masoyan 'Yan Kwana na Tudun Wada, mutumin da ya ɗinka musu kayan wasansu na farko kyauta, ya sa wa 'yarsa sunan Zubaida.

"Kafin gwanayenmu su fito, ga tsaraba! Sabuwar Hanyar Doguwa ta fito yau ɗin nan! Na sauke ta tun azahar, kuma wallahi ko ni ban saurara ba. Na ce haramun ne kunnena ya riga na Inna. DJ, sakar mana ita!"

Filin ya ɗauka da sowa.

Surajo bai san lokacin da ya yar da sandar kiɗa ba. Ya zagayo ajin a guje, kalangu na dukan haƙarƙarinsa.

Kiɗan ya tashi. Kiɗansa ne, hannunsa ne, sai dai an sa masa gudu kamar ana koro shi. Jama'a na jin kalangun suka gan shi ya fito, ai sai murna ta ƙaru.

"Ga Surajo! Ga mai hannun zinare!"

"Ku ba ni hanya!"

Wani ya rungume shi. Wani ya ɗaga hannunsa sama. Wata ta tura masa waya a fuska tana cewa ya yi murmushi.

"Ku kashe! Nazifi, a kashe!"

Wa zai ji shi? Nazifi na can kan benci kusa da DJ, ya hango shi yana ɗaga hannu, shi ma ya ɗago masa nasa yana washe baki, yana rawa da kafaɗa.

Baiti na farko ya wuce. Muryar wata mace da ba su sani ba ta yi amshi, wasu suka ɗan kalli juna, amma rawa ta ci gaba. Surajo na ture mutane yana ba su haƙuri yana ture su. Takalminsa ɗaya ya fita, bai tsaya ba. Ya zo daidai rumfar mata, tsakaninsa da teburin DJ bai fi a miƙa hannu a yi tsalle ba, sai kiɗan ya sassauta, yadda yake yi in za a shiga baitin.

Filin ya yi tsit.

Kamar yadda suka saba. Masu rawa suka tsaya, samari suka cire huluna, uwa ta toshe bakin ɗanta. Humaira cikin lulluɓin amarci ta kama hannun mahaifiyarta. Inna Kyauta ta gyara zama, ta karkato da kunnenta na dama wajen lasifika.

Muryar Tasi'u ta fito, tas da ita, ta cika filin.

*Alhaji Balarabe mai alheri,*
*Ka hau da mu sama, ba ma saukowa.*

Kiɗa ya ɗauka da gudu. Ba wanda ya motsa.

Nazifi na tsaye a kan benci, hannunsa a sama inda ya bar shi. Ya kalli lasifika, ya kalli wayarsa, ya kalli Surajo. DJ ya kai hannu ya kashe da kansa.

"Wane ne Balarabe?" wani ya tambaya daga baya.

Humaira ta saki wani irin kuka, ƙawayenta suka rufa a kanta. Nazifi ya sauko daga benci, ya kama rigar da ke jikinsa mai hoton Tasi'u, ya cire ta ta kai, ya tsaya da singileti yana huci. Mutumin da ko kaza bai taɓa yi wa tsawa ba.

"Ina yake?" ya ce.

Kawuna suka juya. A can bakin fili Zayyad ya riga ya tura Tasi'u cikin jif, direba ya tayar. Sai dai ba hanya. Baburan masoya ne jere a gaba da baya, waɗanda suka rako motar da murna ɗazu suka kafe su a nan. Direban jif ɗin ya yi hon, ya sake yi.

Samarin Doguwa suka fara takawa wajen motar. Ba gudu suke ba, ba ihu. Na Kiru suka bi su. Surajo ya ga wani ya sunkuya a gindin katangar makaranta ya ɗago da rabin bulo.

"Kai! Kar ku yi! Ku tsaya ku ji!"

Gilashin baya ya tarwatse. Mata suka kwasa da salati. Ta cikin ramin gilashin ya ji muryar da ya sani tun suna yara, ba ta waƙa ba, ta tsoro.

"Surajo! Surajo!"

Ya yunƙura zai ruga, ya ji an riƙe masa hannun riga. Riƙo ne mara ƙarfi, na yatsun da suka tsufa. Ya waiga.

Inna Kyauta ce. Ba ta kalli motar ba, ba ta san ma me ake yi a can ba. Fuskarta a sake, har da ɗan murmushin jin kunya.

"Surajo, ɗan nan, kunnen nan nawa ya fara ba ni matsala," ta ce. "Har an wuce wurin ban ji ba. Ce wa mai na'urar ya maido mini baya."